Wa ke riƙe da ragamar ƙungiyar masu ba da shawara? Tambayoyi da amsoshi

Kusan kowace shekara, idan muka iso darasin tarihin wannan sana'a tamu ta jagoranci da ba da shawara, hannuwa sukan tashi a aji, kuma tambayoyin ba sa wuce ƙungiya: wa ke tafiyar da ita, wa ya ɗora shi, ina kuɗinmu ke zuwa, wa zai hukunta wanda ya tona asirin mutum. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Misalin da na riƙe shi ne ƙungiyar Amurka, American Counseling Association, wadda ake taƙaitawa da ACA, domin ta haura shekara 70 a duniya, tsarinta a rubuce yake, kuma littattafan da muke karantarwa da su cike suke da zancenta. Tamu ta gida za ta shigo inda ya dace.

Malam, ai kowa ma yana ba da shawara. Me ya kawo zancen ƙungiya?

Gaskiya ne. Gwaggo tana bayarwa, liman yana bayarwa, abokin zama a majalisa ma haka, kuma sau da yawa tasu tana amfani. Amma gwaggo ta san ka tun kana goye, idan ta fallasa ka dangi za su ja mata kunne. Wanda muke magana a kansa baƙo ne. Ya yi karatun abin, an ɗauke shi aiki ko ana biyansa, sai ga wanda bai taɓa gani ba ya zauna gabansa ya buɗe masa cikinsa: yarinyar da ake takura wa a gida, saurayin da ƙwaya ta fara cin ƙarfinsa, miji da matar da suka daɗe ba sa ga-maciji. Wannan baƙo ba shi da dangin da za su tsawata masa a kan abin da ya ji. To dole a sami abin da zai tsaya a madadinsu, shi ne ƙungiya da ƙa'idojinta da hukumar da ke ba da lasisi.

A kula kuma, ba kansilan ƙaramar hukuma ake nufi ba. Sunayen biyu, counsellor da councillor, sun yi kama a kunne idan an faɗe su da Turanci, har iyayen yara sukan ruɗe.

Yaya aka yi ACA ta kafu?

Tushen abin zaɓen sana'a ne. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishi a birnin Boston don taimaka wa matasa, da yawansu 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, su gane aikin da ya dace da su. A 1913 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Grand Rapids, jihar Michigan. Sai a 1952, a wani taro a Los Angeles, ta haɗa kai da wasu ƙungiyoyi uku: ta masu kula da ɗaliban manyan makarantu, ta masu horar da malaman jagoranci, da ta masu kula da ɗalibai a kwalejojin horon malamai. Suka raɗa wa haɗakar suna American Personnel and Guidance Association. An sauya sunan a 1983, aka sake sauyawa ranar 1 ga Yuli 1992 zuwa wanda take amsawa yanzu. Hedikwatarta tana Alexandria, jihar Virginia, daf da Washington.

Abin da nake so a riƙe shi ne, ba wani babban mutum ne ya kafa ta ya raba wa yaransa muƙamai ba. Ƙungiyoyi huɗu ne, kowace da shugabanninta da asusunta, suka yarda su shiga inuwa ɗaya. Wannan asali ya bi jinin tsarin mulkinta, ya ba ta ƙarfi, ya kuma jawo mata rigingimun da za mu zo kansu.

To wa ke da wuƙa da nama?

A tsarin da ta daɗe a kai, mambobi ne ke zaɓen shugaba da ƙuri'arsu. Amma shugaba ba ya yanke manyan hukunce-hukunce shi kaɗai. Wannan aikin majalisar gudanarwa ne: ita ke tsara manufa, ta amince da kasafin kuɗi, ta gyara dokokin ƙungiya, ta sa hannu a kundin ɗa'a. A teburinta akwai shugaba mai ci, da mai jiran gado, da wanda ya sauka, da ma'aji, sannan wakili daga kowane sashe, wakili daga kowace shiyya, har da mai magana da yawun ɗalibai. Da yake majalisa mai yawan kujeru haka ba ta iya zama kullum, akwai ƙaramin kwamitin zartarwa da ke riƙe al'amura tsakanin zama da zama.

Ofis kuwa yana hannun babban jami'in gudanarwa. Shi ba zaɓarsa ake yi ba, ɗaukarsa aiki ake yi da albashi, shi ke shugabantar ma'aikata, yana halartar zaman majalisa amma ba shi da ƙuri'a. Zaɓaɓɓun shugabanni yawanci malaman jami'a ne ko masu aikin ba da shawara, kowa da wurin aikinsa, hidimar ƙungiya ƙari ce a kansu.

Wannan rabon aiki shi ne abin da na fi daraja a tsarin baki ɗaya. Duk inda mutum ɗaya ne zai ce a kashe kuɗi, shi zai sa hannu a banki, shi kuma zai tashi a taro ya karanta rahoton yadda aka kashe, ko waliyyi ne an jefa shi cikin fitina, an kuma jefa mambobi cikin zargi.

An ce wa'adin shugaba shekara ɗaya ne kacal. Bai yi kaɗan ba?

Shekara ɗaya ce, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Sai dai a lissafa da kyau: mutum yakan yi shekara guda yana jiran gado, yana zaune a majalisa yana koyon aiki, ya yi shekara guda a kan kujera, ya ƙara shekara guda a matsayin wanda ya sauka, yana dafa wa magajinsa. Shekara uku ke nan a teburin, amma ɗaya ce tasa.

Amfaninsa a fili yake. Ba wanda zai kafa saiwa a kujera har a rasa yadda za a yi da shi, kuma ƙofa tana buɗewa ga mutane da yawa. A 1975 Thelma Daley ta hau, ita ce baƙar fata ta farko da ta shugabanci ƙungiyar.

Amma yana da nasa aibin, kada in ɓoye muku. Sarki goma zamani goma: kowane shugaba yakan zo da abin da ya fi damunsa, kafin ya kai ko'ina wa'adi ya cika, na bayansa ya zo da nasa. Sannan wanda ya daɗe a ofis yakan fi masu zuwa suna tafiya sanin lungu da saƙo na ƙungiya. Richard Yep ya riƙe ofishin ACA sama da shekara 20 kafin ya ajiye aiki a 2022, wato shugabanni sama da 20 sun zo sun wuce yana nan. Ba laifi ba ne, irin wannan daɗewa ita ke hana aiki yankewa. Sai dai tana nufin dole majalisa ta buɗe ido, ta karanta takardun da aka ajiye mata, ta yi tambaya, in ba haka ba ma'aikaci ya koma mai gida ba tare da kowa ya zaɓe shi ba.

Mene ne bambancin sashe da reshe da shiyya?

Sashe fanni yake bi, reshe kuwa wuri. Idan aikinka gyaran aure da zamantakewar iyali ne, akwai sashenku. Akwai na masu jagorancin sana'a, wanda shi ne jikan waccan ƙungiya ta 1913, akwai na masu aiki da mashaya da fursunoni, na masu horar da sababbin ma'aikata, na masu aiki da sojoji, na masu kula da tsofaffi, da na masu duba matsayin addini a cikin aikin. A 1972 aka kafa sashen da ke kula da bambancin launi da al'ada, bayan baƙaƙen fata da sauran tsiraru sun matsa cewa ba a jin muryarsu. Kowane sashe da dokokinsa da shugabanninsa, da yawansu har da mujallarsu.

Rassa sun haura 50, galibi jiha-jiha, an kuma kasa su shiyya huɗu: kudu, yamma, tsakiyar yamma, da arewa ta gaɓar tekun Atlantika. Ta hanyar shiyya kukan reshe yake isa majalisa.

Sashe yana iya ficewa?

Yana iyawa, kuma an yi. Ɗaya daga cikin huɗun da suka kafa ƙungiyar, ta masu kula da ɗaliban manyan makarantu, ta kama gabanta tun farkon shekarun 1990. Sai manya biyu suka biyo baya: ta masu ba da shawara a makarantu, ASCA, a 2018, da ta masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, AMHCA, a 2019.

Rabuwar ba rana ɗaya ta faro ba. Dukansu sun daɗe da ofishinsu da asusunsu da kundin ɗa'arsu. Ko a 2010, lokacin da wakilan ƙungiyoyi kusan 30 suka zauna suka fitar da ma'anar sana'ar guda ɗaya, ta makarantu ba ta sa hannu ba, domin mutanenta sun fi ganin kansu a sahun malamai. A ganina asara ce ga kowa. Mai neman doka a gaban 'yan majalisa, in ya zo da baki biyu, ya ba su hujjar cewa ku je ku daidaita tukuna.

Daga ina kuɗi ke shigowa?

Kuɗin shekara na mambobi, rajistar babban taro, sayar da littattafai da mujallu, da kwasa-kwasan ƙaro ilimi. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, don haka rarar da ta samu aiki take komawa, ba aljihun kowa ba, kuma dokar Amurka ta wajabta wa irinta miƙa bayanin kuɗi ga hukumar haraji duk shekara, bayanin da kowa zai iya dubawa. Ɗalibai da sababbin ma'aikata da waɗanda suka yi ritaya ana rage musu kuɗin.

Idan na shiga ƙungiya, na sami lasisin aiki ke nan?

A'a. Nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, kuma nan ne zuciyar maganar.

A Amurka hannu huɗu ne ke riƙe da sana'ar, ba wanda ya isa ya yi aikin ɗan'uwansa. ACA ita ce uwar mambobi, ita ke rubuta ƙa'ida, ita ke magana da yawunsu. Tantance kwasa-kwasan jami'a aikin CACREP ne, wadda aka kafa a 1981. Ita ke cewa ɗalibin digiri na biyu sai ya yi awa 100 na gwajin farko da awa 600 na koyon aiki a fili. Jarrabawar ƙasa da takardar shaidar ƙwarewa suna hannun NBCC, wadda aka kafa a 1982. Duka biyun daga cikin ƙungiyar suka fito, amma aka sake su suka tsaya da ƙafarsu. Lasisi kuwa na gwamnatin jiha ne. Virginia ce ta fara yin dokarsa a 1976, California ce ta ƙarshe a 2009, shekara 33 ana wannan fafutuka jiha bayan jiha. Yawancin jihohi suna neman digiri na biyu, da cin jarrabawa, da awa dubu biyu zuwa uku, wasu fiye, na aiki ƙarƙashin kulawar wanda ya riga ka.

Dalilin rarrabawar ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiya da kuɗin mambobi take rayuwa, tana son su yi yawa. In aka ce ita za ta tantance su, ita za ta hana wasu aiki, an haɗa ta da son zuciyarta. Mun san irin wannan a gida: NMA ƙungiyar likitoci ce, amma hukumar gwamnati ta MDCN ke ba su lasisi, NUT ta malamai ce, rajista kuwa hukumar TRCN ke yi.

Me ke cikin kundin ɗa'ar da ake ta magana?

An fara fitar da shi a 1961, an yi ta sabunta shi, na 2014 yana da babi tara. Ya taɓo alaƙa da mai neman shawara, riƙon sirri, gwaje-gwaje, horar da ɗalibai, bincike, da aiki ta waya da intanet. Ga kaɗan daga abin da ya ce. Ba soyayya ko kusantar juna tsakanin ma'aikaci da wanda yake gani, kuma ko an gama aiki sai shekara biyar ta wuce kafin a yi zancen. Kada ka kori mutum zuwa wani wuri don kawai rayuwarsa ta saɓa wa abin da kai ka yarda da shi. Ka raba shafinka na aiki da na kanka a kafafen sada zumunta, kada kuma ka bi shafin wanda kake gani kana leƙe ba da izininsa ba. Har kyauta ya yi magana a kai, ya yarda cewa a wasu al'adu ƙaramar kyauta alamar girmamawa ce, ya bar wa ma'aikaci ya auna. Duk wanda tsohuwa ta taɓa kawo wa ƙwan zabi don ya saurari jikanta ya san amfanin wannan sassauci.

Babin sirri shi ne ƙashin bayansa. A wata sakandare da na fara aiki, ofishina tsohon sito ne, tebur ɗaya da kujera biyu, ƙofa kullum a buɗe yadda za a hango mu daga baranda amma ba a jin abin da muke faɗa. Wata ɗaliba ta zo ta yi kusan awa guda, tana magana tana murza gefen hijabinta. Tana fita aka aiko kirana. Wani na gaba da ni ya ce, "Malam, me yarinyar nan ta gaya maka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da zan iya faɗa shi ne ba ta cikin haɗari, kuma tana buƙatar a ɗaga mata ƙafa a kan makara na mako biyu. Sauran amana ce." Ransa bai so ba, ya kwana biyu yana amsa gaisuwata a daƙile. Abin da ya tsayar da ƙafata a ranar shi ne sanin cewa ba ra'ayina nake karewa ba, ƙa'idar sana'a ce a rubuce, kuma akwai dubban mutane a bayanta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma sirrin yana da iyaka, kuma tun zaman farko ake gaya wa mutum. Da yarinyar nan ta ce za ta kashe kanta, ko wani yana cutar da ita, da ƙafata zan je in nemi wanda zai cece ta. Kundin ya buɗe wannan ƙofa idan akwai mummunan haɗari da ake hangowa, ko doka ta tilasta.

Idan mamba ya ci amana, me ƙungiya za ta yi masa?

Akwai kwamitin ɗa'a. Ana kai ƙorafi a rubuce, a sanar da wanda ake ƙara, a ba shi dama ya kare kansa, sannan a yanke. Hukuncin yana kamawa daga gargaɗi da tilasta ƙarin horo zuwa dakatarwa da kora, kuma akwai hanyar ɗaukaka ƙara.

Sai dai hannun kwamitin a kan mambobi kawai yake kaiwa, kuma iyakar bulalarsa kora daga ƙungiya. Ba ya rufe wa mutum ofis. Mai iya ƙwace lasisi ita ce hukumar jiha, shi ya sa wanda aka zalunta ya fi kyau ya kai kukansa can ma. Inda kundin ke samun haƙori shi ne jihohi da dama sun ɗauke shi sun sa a dokokinsu na lasisi, kotuna kuma sukan duba shi.

Ƙungiya tana shiga siyasa?

Ba ta tsayar da ɗan takara, amma bin 'yan majalisa kan doka babban aikinta ne. Wani lokaci ta yi nasara. Bayan shekaru ana nema, daga 1 ga Janairu 2024 shirin inshorar lafiya na tsofaffi, Medicare, ya fara biyan masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta kuma zuba kuɗi da ƙarfi a yarjejeniyar da za ta bar mai lasisin wata jiha ya yi aiki a wata. A 2022 jiha ta goma ta sa hannu, abin da ake jira ke nan yarjejeniyar ta tabbata.

Wani lokaci kuma ta sha ƙasa. A 2016 jihar Tennessee ta yi dokar da ta ba ma'aikaci damar ƙin karɓar wanda burinsa ya saɓa wa aƙidar ma'aikacin, abin da ya ci karo da kundin 2014. ACA ta yi adawa, dokar ta wuce. Abin da ya rage a hannunta shi ne ta ɗauke babban taronta na 2017 daga Nashville ta kai San Francisco. Ko mutum yana bayan dokar ko yana gaba da ita, labarin ya nuna iyakar ƙarfin ƙungiya a gaban gwamnati.

A Najeriya fa, ina muka kwana?

Tarihinmu yakan fara ne daga 1959, lokacin da wasu sistoci a kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado, Ibadan, suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a Ibadan, Farfesa Olu Makinde ya zama shugabanta na farko. Da CAN ake taƙaita sunanta, daga baya aka mayar CASSON don kada a riƙa haɗa ta da ƙungiyar Kiristoci. Tana da shugabannin ƙasa, da rassa a jihohi, da taron shekara-shekara, da mujalla. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da buƙatar masu jagoranci a makarantu.

Abin da muka daɗe ba mu da shi shi ne hannun hukuma. Shekara da shekaru kowa yana iya kafa allo ya kira kansa ƙwararre, ba mai ce masa don me. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da masu wannan sana'a. Wannan shi ne matakin da Virginia ta taka a 1976, sai dai namu na ƙasa ne baki ɗaya. Doka a takarda ba ta tsare yarinyar da ke sito tana murza hijabi, sai an yi rajista ta gaskiya, an buɗe ƙofar ƙorafi da talaka zai iya samu, da harshen da yake ji. Ina fata in ga kundin ɗa'armu da Hausa, manne a bangon kowane ofishin shawara daga Sakkwato zuwa Maiduguri.

Malam, ni ɗaliba ce. Me zan duba kafin in biya kuɗin shiga?

Ki nemi kundin tsarin mulkin ƙungiyar ki karanta, in an ce babu kwafe, ki sake tambaya. Ki duba yaushe aka yi zaɓen ƙarshe a reshenku, da tsawon wa'adi, da ko ɗalibai suna da ƙuri'a ko wakili. Ki tambayi mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi a banki, da ko mai binciken kuɗi daga waje yake zuwa. Ki tambayi inda ake kai ƙorafi, da wanda zai saurara in shugaban ne da kansa ake ƙara.

In kin gamsu kin biya, ki karɓi rasit. Ranar babban taro kuma, idan an gama gabatar da maƙaloli an raba takardar halarta, za ki ga zaure ya fara watsewa. Kada ki bi su. Zaman da ke biyo baya, wanda ma'aji zai tashi da fayil a hannu, a nan ake karanta kuɗi, a nan ake gyara doka, a nan ake ɗaga hannu.